Daga Gurbin Dara Zuwa Akwatin Gama: Waiwaye a Kan Majalisun Badawa

Tsakanin Badawa da unguwar manya ta Nasarawa babu wata tafiya, amma yammacinsu ba ɗaya ba ne. A Nasarawa, da la'asar ta yi sanyi sai ka ga titi fayau, ƙyamaren ƙarfe a garƙame, maigadi shi kaɗai a kan kujera da 'yar rediyonsa. Ka gangaro Badawa kuwa, kusan kowane lungu da bencinsa. Nan ana buga lido, can ana raba kati, gaba kaɗan samari sun zagaye teburin sunuka, mai shayi yana ta fifita wuta. Bakin kowa kuma yana motsi: wa zai tsaya takara, wa ya sauya sheƙa, ɗaurin auren wa za a je ranar Asabar, wa aka yi wa rasuwa ba a je gaisuwa ba. Wasa da siyasa da sha'anin jama'a duk a tabarma ɗaya ake yin su, kuma an daɗe ana haka. Abin da ya sauya a shekarun nan shi ne wanne ne a cikinsu yake jan ragamar sauran.

Unguwar kanta gefen mulki ta taso. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, ba su zauna cikin ganuwa ba, sai suka yi wajen gabas, inda dama Sarki yake da gidansa na Nasarawa. A can ne Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a 1909, a can ne kuma aka yanka manyan filaye aka gina wa jami'an gwamnati gidaje. To, babban gida ba ya tafiya sai da hannuwa: kuku, boyi, mai wanki da guga, mai ban ruwan shuke-shuke, direba, maigadi. Irin waɗannan mutane su suka riƙa cika ƙauyukan da ke gefe, irin su Badawa da Giginyu. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya zo gwamna, ma'aikatu suka yawaita, masana'antun Bompai suka bunƙasa, sai ƙananan ma'aikata da 'yan sanda da leburori suka ƙaru. Shi ya sa har gobe Badawa take unguwar gambiza: Bahaushe da Babarbare, mutumin kudancin Kaduna da na Filato da na Binuwai, Bayarabe da Ibo, masallaci da coci a layi ɗaya.

Wannan maƙwabtaka ta ba majalisun Badawa wani abu da ba kowace unguwa ke da shi ba. Wanda ya wuni yana kai shayi falon kwamishina, ko yana tuƙa babban sakatare, da yamma a bencin unguwa zai zauna. Bai halarci taron ba, amma ya ga motocin da suka shigo, ya san wanda ya fito yana dariya da wanda ya fito yana huci. Kafin labari ya kai gidan rediyo ya riga ya sha shayi a Badawa. Gaskiya ne rabinsa ƙari ne, domin direba ma yana son a san yana kusa da wuta, amma ɗaya rabin yakan tabbata.

Tsohon wasan wannan zama shi ne dara. Ba ta buƙatar komai sai ƙasa: a tona gurabe 30, layi biyar-biyar sau shida, wannan ya karyo tsinke 12, wancan ya tsinto tsakuwa 12. Da farko kowa yana dasa nasa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku a lokacin dasawa ba. Sai an gama sannan a fara tafiya, gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe. Duk wanda ya jera uku ya ci, sai ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Ka zauna kusa da tsofaffi biyu masu dara ka ga abin mamaki. Ɗaya zai ɗora yatsa a kan tsinkensa ya yi shiru har ka zaci ya yi gyangyaɗi, sannan ya matsar da shi gurbin da kai ɗan kallo kake ganin wauta ce. Sai bayan tafiya uku za ka gane ya buɗe wa kansa hanyar da duk motsi ɗaya sai ya ci. Abokinsa ya dube shi ya ce, "Haba Malam, ashe tun ɗazu rami kake haƙa mini." Shi kuwa ko murmushi ba zai yi ba, sai ya miƙa hannu ya zare tsakuwa.

Dara tana da ladabinta, kuma ba a rubuce yake ba. Ɗan kallo ba ya sa baki, ko da ya hango abin da mai wasa bai gani ba. In ka ɗaga ɗa ka ajiye, ya ajiyu. Wanda aka cinye yakan tashi ya ba na gaba wuri, ba ya share gurabe da ƙafa don haushi. Wanda ya yi haka kuwa ya daɗe ana goranta masa. Daga nan Bahaushe ya samo maganar nan ta dara ta ci gida, wadda 'yan siyasar Kano suka fi kowa ba ta aikin yi.

Akwai kuma wani jinsin wasa da ya fi dara kusa da mulki, wato wanda mutum yake ajiye sunansa ya ɗauki na wani. A karkara, bayan an kawar da amfanin gona, samari da 'yan mata sukan yi kalankuwa. A nan ake naɗa gwamnati sukutum: ga gwamna, ga alƙali, ga likita, ga 'yan doka da bulalarsu. Yaron da jiya yake kiwon awaki yau shi ne ake faɗuwa a gabansa ana "ranka ya daɗe", ya yanke wa ɗan mai gari tarar goro, kuma dole a biya. A fada ma akwai makamancin haka, wasan gauta, wanda matan cikin gida suke kwaikwayon Sarki da hakimansa da fadawansa, tafiyarsu da maganarsu da halinsu, mai abin yana kallo. Abin da bafade ba zai iya furtawa ba sai ga shi a fili cikin raha. Wanda aka taɓa ya ji a jikinsa, amma ba shi da bakin ƙara, tunda kowa ya san wasa ne.

Tashe shi ya kawo wannan al'ada cikin birni, ya kuma raba ta ga kowane yaro. Daga goma ga watan azumi, bayan an sha ruwa, sai yara su bazu gida-gida: wannan ya manna gemun auduga ya tanƙware baya ya zama tsoho, wancan ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama Jatau mai magani, 'yan mata su yi Mairama da Daudu suna koya wa juna zaman aure. Manya ma ba a bar su a baya ba, ga Nalako da tawagarsa suna farautar gwagware. Malamin da ke rawa a ɓoye, mai kuɗin da ba ya zakka, miji marowaci, babu wanda tashe ya ƙyale. A unguwa irin Badawa har yaran da ba Musulmi ba sukan bi ayari, domin kuɗin tashe ba ya tambayar addini.

Matasanmu da suke yawo a intanet sukan ci karo da wani wasan tebur da ya fito a Amurka a 1974, Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara. Mutane kaɗan ne suke zagaye tebur, ɗaya ya zama mai ba da labari kuma alƙali, sauran kowa ya ɗauki hali: wannan jarumi, wancan boka, wancan ɓarawo. Mai labari ya ce ga ku a bakin kogo, me za ku yi? Kowa ya faɗi abin da mutumin da yake wakilta zai aikata, a jefa ɗan lido mai fuska da yawa a ga ko ya dace. A Najeriya ma an fara sana'ar ƙirƙirar wasannin tebur; kamfanin NIBCARD da ke Abuja har lambar yabo ta duniya ya samu a 2021. Wanda ya san ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Mai ba da labari muna da ita, ita ce kaka mai tatsuniya. Ɗaukar hali muna da shi a kalankuwa da tashe. Ɗan jefawa yana cikin kwalin lido. Ba mu dai haɗa su a tebur ɗaya mun sa musu farashi ba. Kuma namu ya fi nasu haɗari, domin su dodanni suke yaƙa, mu kuwa hakimi muke kwaikwayo yana zaune.

Siyasar jam'iyyu da ta zo, a kan wannan shimfiɗa ta sauka. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi yake rubuta wasannin kwaikwayo yana zolayar masu zaluntar talakawa, kuma bai bar wannan salo ba da ya hau dandamali. Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ba ta da gidan rediyo, ba ta da baitulmali. Abin da take da shi teloli ne da 'yan koli da masu wankin hula da mahauta, mutanen da dama a zaune suke wuni suna aiki suna hira. Rumfar tela da inuwar masu dara suka zama ofisoshin jam'iyya ba tare da an kafa allo ba. Zaman kuwa ba na banza ba ne: a zamanin En'e, kalma ɗaya a kan hakimi tana iya kai mutum gaban alƙali, daga nan sai gidan yari. Saboda haka aka koma habaici. Mutum yana matsar da tsinke yana cewa tauraro, alamar NEPU, ya kusa fitowa, na kusa da shi ya amsa cewa fartanya dai, alamar jam'iyyar masu mulki, ita ke ciyar da gari. Ɗan doka yana tsaye, ya ji, ya gane, amma me zai rubuta? A wannan zamani ne kuma aka fara ganin 'yan banga, wato ranar da sanda ta fara zuwa inda ake gardama da baki.

Jamhuriya ta biyu ita ce ta raba benci biyu. PRP mai mabuɗi ta ci Kano a 1979, Abubakar Rimi ya zama gwamna, kuma a wannan karon matan Arewa sun kaɗa ƙuri'a a babban zaɓe, abin da aka hana su a jamhuriya ta ɗaya. Ba a je ko'ina ba jam'iyyar ta dare: 'yan taɓo suna tare da Malam, 'yan santsi suna tare da Rimi. Wannan ba faɗan talaka da sarauta ba ne da kowa ya san gefensa. Faɗan 'yan gida ɗaya ne, kuma ya fi ciwo. Aminan da suka shekara suna cin tuwo a kwano ɗaya sai ga kowa ya ja tabarmarsa. Ranar 10 ga Yulin 1981 gari ya kama da wuta bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Malam ya rasu a watan Afrilun 1983, Rimi ya tafi NPP ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo, shi kuma Sabo wata uku kacal ya yi soja suka ƙwace a daren ƙarshe na shekarar.

Abin dariya, zamanin soja shi ne zamanin da majalisar unguwa ta fi armashi. An rufe ta Legas, an rufe ta jiha, sai ta gindin bishiya kaɗai ta rage, kuma ita ba a yi dokar da za ta rushe ta ba. Kusan kowace tana da shugabanta da ma'ajinta, wasu har da "bulaliya" mai cin tarar wanda ya yi ashar, ka ga kalankuwa ta dawo da sabuwar riga. A lokacin kuma dara ta riga ta fara ja da baya a birni, saboda siminti ya cinye ƙasar da ake tonawa, matasa kuma suna ganin ta wasan tsofaffi. Lido, wanda asalinsa wasan Indiya ne da Turawan Ingila suka yi wa kwaskwarima a ƙarshen ƙarni na 19, da katin Whot, da aka ƙirƙira a Ingila a shekarun 1930, su suka gaje wurin. A Badawa sun zauna daram, domin ba sa buƙatar yare ɗaya. Mutumin Binuwai da Bakano ba sai sun iya karin maganar juna ba kafin ɗaya ya jefa wa ɗaya lamba 2 ya ce ɗauki biyu, ko ya saki 14 ya tura kowa kasuwa.

Sai dai akwai bambanci da ba a cika lura da shi ba. A dara babu sa'a. Abin da ke gabanka shi ke gaban abokinka, in an cinye ka kanka ne ya gaza. A lido kuwa kana iya fin kowa dabara ka wuni a gida saboda shida ta ƙi fitowa. A kati ma komai yana hannun mai rabawa, shi ya sa ido yake kan yatsunsa, shi ya sa kuma zargin maguɗi ba ya ƙarewa. Malamai sun daɗe suna faɗa a kan waɗannan wasanni, musamman in kuɗi ya shiga ko an kira salla ba a tashi ba, kuma suna da hujja: tazarar da ke tsakanin kati na nishaɗi da caca ba ta da yawa.

Da Babangida ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu a 1989, SDP mai doki da NRC mai mikiya, ya kuma kawo zaɓen ƙato bayan ƙato, sai siyasa ta zama abin kallo ƙuru-ƙuru. Ba ka da inda za ka ɓuya. Maƙwabcinka yana ganin layin da ka bi, mai gidan da kake haya ma haka. Rigimar cikin gida ta SDP ta ba Kabiru Gaya na NRC kujerar gwamna a zaɓen 1991. A zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yunin 1993 kuma Kanawa suka ba Abiola ƙuri'a fiye da ɗansu Bashir Tofa, aka soke zaɓen. Masu kati suka ce dama sun faɗa: mai rabawa in ya ga hannun bai yi masa ba, tattarawa yake ya sake.

Babban juyi ya zo bayan 1999, kuma ta rediyo ya shigo. Freedom ta fara watsa shirye-shirye a ƙarshen 2003, shekarar da Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da Rabi'u Musa Kwankwaso, wasu tashoshi masu zaman kansu suka biyo baya. Shirye-shirye irin Kowane Gauta suka buɗe wa mai magana ƙofa, aka samu wata sabuwar sana'a: sojojin baka. Su wane ne? Su ne dai gwanayen bencin nan, masu iya habaici da kwaikwayon murya da jefa magana, waɗanda da suke yi don a yi dariya a saya musu shayi. Yanzu akwai mai biyan kuɗin iska, akwai mai sallama bayan an fito. Ba na cikin masu raina su. Wasunsu sun fi 'yan majalisa da yawa sanin matsalar unguwa, kuma sun sa manya suna jin tsoron abin da za a faɗa da daddare. Amma ɗan kalankuwa in an watse yakan cire rawanin gwamna ya koma gona, kowa kuma ya san ya cire. Sojan baka ba ya cirewa. Da shi yake zuwa ɗaurin aure, da shi yake zuwa jana'iza, har ya manta wace murya ce tasa.

Kuma rawar da aka ba shi tana iya juyawa cikin dare. Dubi manyan biyu kawai. Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC, ya koma PDP a 2018, ya tafi NNPP a 2022. Shekarau daga ANPP ya shiga APC, ya fita zuwa PDP a 2014, ya dawo APC a 2018, ya shiga NNPP a 2022, bai cika wata huɗu ba ya sake komawa PDP. Duk juyin da babba ya yi, akwai wani a Badawa da zai zo majalisa gobe ya kare abin da jiya yake zagi, abokan wasansa kuma ba sa mantuwa. Jar hular magoya bayan Kwankwaso ta zo ta sauƙaƙa wa kowa aiki: tun daga nesa ka san me mutum zai ce kafin ya yi sallama. Na san majalisun da suka kafa doka cewa in an zauna kati a ajiye zancen jam'iyya, dokar kuma ba ta taɓa kai sallar isha'i ba.

Sau ɗaya ne benci ya yi shiru na gaske. Bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012, waɗanda suka haɗa da hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, nan kusa, an sa dokar hana fita, shingaye suka cika tituna, taron mutum biyar a bakin hanya ya zama abin tsoro. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado, aka hana acaɓa. Mutane suka koma cikin soro, aka rage murya, baƙon fuska ya zama abin zargi, wanda a unguwar haya irin Badawa ba ƙaramin nauyi ba ne. Wayar hannu ce ta cike giɓin. Lokacin da aka dawo waje, kowa ya dawo da wata majalisar a aljihunsa, ta Facebook da WhatsApp.

Sai 2019. Badawa a ƙaramar hukumar Nasarawa take, kuma a wannan ƙaramar hukuma ne mazaɓar Gama take. An yi zaɓen gwamna ranar 9 ga Maris. Ana cikin tattara sakamako aka hargitsa wurin, sakamakon Gama ya salwanta, hukumar zaɓe ta ce zaɓe bai kammalu ba, wato inkwankulusib, alhali Abba Kabir Yusuf na PDP yana gaban Gwamna Abdullahi Ganduje da ƙuri'a 26,655. Makonni biyun da suka biyo baya ba a taɓa ganin irinsu ba. Gama, wadda ta shekara tana kukan hanya da ruwa da shara, ta wayi gari da motocin aiki, ana zuba kwalta ana haƙa rijiyoyin burtsatse. Mutanen sauran mazaɓu suna kallo suna cewa ina ma akwatinsu ne aka fasa. Ranar 23 ga Maris aka yi zaɓen cike gurbi, masu sa ido na gida da na waje suka ba da rahoton 'yan daba da tsoratar da masu zaɓe, aka bayyana Ganduje da rinjayen da bai kai ƙuri'a 9,000 ba. Kotuna sun tabbatar masa.

Abin da wannan ya yi wa bencin unguwa ya fi abin da ya yi wa kundin shari'a. A da, yaron da ya ga za a cinye shi ya watsa kati kunya yake ji. Bayan Gama sai ya miƙe yana dariya ya ce wasa inkwankulusib ne, a sake rabawa, kowa ya tuntsire. Raha ce, amma raha mai ɗaci: manya sun nuna wa yara cewa share gurabe da ƙafa ma dabara ce. Wani dattijo da ya ga zamanin santsi da taɓo ya taɓa katse irin wannan dariya. Ya ce da yaron, "Kai ɗan nan, tattara katin nan ka ba shi cinsa. Nan ba can ba ne." Yaron ya ce, "Tuba nake, Baba," ya durƙusa yana tsincewa.

A 2023 ƙaramar hukumar ta sake zama tsakiyar fage, domin ɗan takarar APC, Nasiru Yusuf Gawuna, tsohon shugabanta ne. Abba, a NNPP wannan karon, ya ci zaɓen 18 ga Maris da ƙuri'a 1,019,602, Gawuna yana da 890,705. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar ranar 20 ga Satumba, aka sa dokar hana fita. Kotun ɗaukaka ƙara ta bi sahu a Nuwamba. Kotun Ƙoli ta mayar masa ranar 12 ga Janairun 2024. Wata huɗu ana wannan, kowane mai shayi ya zama lauya. Ba a huta ba sai ga rikicin masarauta a watan Mayun 2024: an dawo da Muhammadu Sanusi na biyu gidan Dabo, Aminu Ado Bayero ya sauka a gidan Nasarawa, wato a ƙofar Badawa. Masu gauta na da, duk iya shegensu, ba su taɓa kawo sarki biyu a fage ɗaya ba.

Duk wannan labarin maza ne, kuma rabin labari ne. Mata ba sa zaman benci, amma lido ya fi daɗewa a tsakar gida fiye da bakin titi, kuma ainihin kamfe a gidan biki ake yin sa. Ranar kamu ko wuni, mai kiɗan na'ura zai saki waƙar ɗan takara, rabin fili ya tashi rabi ya zauna, ka ƙirga ƙuri'un layin ba tare da ka tambayi kowa ba. Atamfa mai hoton fuska, taliya, sabulu, ɗan kuɗin cefane, ta hannun shugabar mata suke bi, ita kuwa ta san gidan da aka haihu da gidan da miji ya rasa aiki. Gwamnatoci sun gane haka tuntuni. Auren zawarawa da aka fara a 2012, aka kuma yi na ma'aurata 1,800 a 2023, taimako ne na gaske, siyasa ce kuma ta gaske. Ɗan takarar da bai zo gaisuwar mutuwa ba, ko ya zo bai sauko daga mota ba, mata ne suke riƙe masa lissafi.

Yau in ka zaga Badawa za ka ga lido ya koma cikin waya, mutum huɗu sun sunkuya a kan gilashi ɗaya. Ga gidajen kallon ƙwallo, ga na wasan kwamfuta. Cacar ƙwallo ta yi ƙarfi har Hisba ta bi shagunanta tana rufewa a 2024. Kwaikwayon masu mulki bai mutu ba: Kwana Casa'in na Arewa24, da ya fara a 2019, ya ƙirƙiri jihar Alfawa da gwamnanta, mutane suna kallo suna kiran sunayen gaske. Amma wannan kamfani ne, da lauyoyinsa. Talakan da ya gwada da kansa fa? A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu, saboda wani bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamna a TikTok. Tashe kuwa, a 'yan shekarun nan rundunar 'yan sanda ta sha fitar da sanarwar dakatar da shi, saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya suna fakewa da shi.

Uzurin ba ƙarya ba ne; duk wanda aka taɓa tsare shi da wuƙa a lungu ya sani. Amma a duba abin da aka yi. 'Yan dabar nan ba tashe ne ya haife su ba, kuma ranar zaɓe ba a rasa mai ba su abinci da mota. An bar wanda ake biya ya yi zagi a rediyo, an bar wanda ake biya ya ɗauki gora, sai yaro mai gemun auduga, wanda shi kaɗai ne yake kwaikwayon manya kyauta, shi aka ce ya koma gida. A ganina an kama wanda bai ci ba.

Masu unguwannin Badawa da Giginyu da Kawaji, da limamai da shugabannin matasa da 'yan sintiri, ba su rasa yadda za su yi ba. A keɓe fili ɗaya ko biyu, a sa lokaci daga bayan tarawihi zuwa ƙarfe goma, a rubuta sunan kowane ayari da babban da zai tsaya masa, a je wa Kwamishinan 'Yan Sanda da wannan tsari tun watan Sha'aban, kafin a fitar da sanarwar hani. Kansilolin da za su zo neman ƙuri'a kuma a tambaye su matsayinsu a kan wannan tun kafin su zauna a benci.